Korona: Idan matashi ya ji rauni a hannu cikin kulle, ina za a kai shi?

Tun daren 16 ga Afrilun 2020 da Gwamna Ganduje ya rufe Kano, Shugaba Buhari kuma ya ƙara makonni biyu ranar 27 ga watan, hankalin hukuma a wancan lokacin ya koma kan korona. Amma tsautsayi bai daina faruwa ba. A lokacin, a lungunan Yakasai da Mandawari yara na gida babu makaranta, kuma wuƙa, gilashi ko injin markaɗe na iya datse yatsa.

Asibitin Murtala yana daf da Ƙofar Mata, Asibitin Ƙashi na Dala ma ba nisa. A lokacin kullen, isa can ne matsalar: 'yan adaidaita sahu sun bar titi, jami'an tsaro sun kafa shingaye, asibitocin kuɗi da dama sun rufe don tsoron cutar.

Sai iyaye su nufi kemis ko mai ɗori. A nan ake tafka asara. Jijiyar da ta tsinke tana buƙatar ɗinkin likita da wuri. Ɗaurin da ya matse kuwa yana hana jini gudana, har hannu ya ruɓe a yanke shi. Ga yaron da ke koyon tela ko kafinta, sana'arsa ce ta tafi.

Kafin a isa asibiti, a danne raunin da tsumma mai tsafta, a ɗaga hannun sama, a cire zobe, kada a barbaɗa toka ko ƙasa. A nemi allurar tetanus.

Ita kuwa gwamnati, a irin wannan yanayi ya kamata ta ware motocin gaggawa da masu unguwanni za su iya kira, ta kuma umarci jami'an shingaye su riƙa barin masu rauni su wuce.