Da Wane Harshe Sarauniya Take Magana?

Duk lokacin da aka mayar da littafin almara fim, gardamar da ke biyo baya kusan iri ɗaya ce. Masu karatu sukan zauna suna lissafin abin da aka yanke, da abin da aka ƙara, da jarumin da fuskarsa ta saɓa wa wadda suka zana a zuci. Wannan lissafi yana da amfaninsa, amma ga ɗalibin kimiyyar harshe akwai tambayar da ta riga shi: da wane harshe mutanen labarin suke magana a littafi, da wane kuma suke magana a fim? A labarin da iskoki da tsafi da rantsuwa ke tafiyar da al'amura, ƙarfin abin a kalma yake. Wanda ya sauya harshe ya taɓa ran labarin.

Nijar tana da misali a gida. A 1980 Abdoulaye Mamani ya wallafa Sarraounia da Faransanci, a kan Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899, kafin rundunar ta wuce ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni. Mamani ya gauraya tarihi da abin da baka ta adana game da asirin wannan mata. A 1986 Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mayar da littafin fim, wanda ya lashe babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Sai dai bai samu damar ɗaukarsa a Nijar ba. Burkina Faso ta zamanin Thomas Sankara ce ta buɗe masa ƙofa, Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya, kuma da Julanci take magana. Ke nan labarin ya tashi daga Hausa zuwa Faransanci, daga can zuwa Julanci, har ya zama mutumin Lugu ko na Tawa sai ya bi rubutun ƙasan allo kafin ya fahimci sarauniyarsa.

Ba a ɗora wa Hondo laifi ba, domin da babu gara ba daɗi, kuma fim ɗinsa ya kai sunan Lugu inda littafin bai kai ba. Abin lura shi ne littafin da ake auna fim da shi, shi kansa fassara ne. Kirarin Azna da kiran iskoki sun riga sun bar wani abu a baya tun ranar da suka shiga Faransanci. Saboda haka mai cewa fim ya ci amanar littafi, sai ya fara tambayar yadda littafin ya riƙe amanar baka.

Tawa ta ga mutumin da ya san wannan hanya. Moustapha Alassane, wanda ya rasu a 2015, ya yi shekarunsa na ƙarshe a garin, inda ya kafa ɗakin aikinsa na majigin zane. A farkon shekarun 1970, shi da Anna Soehring sun yi fim ɗin Toula daga almarar da Boubou Hama ya rubuta: fari ya yi tsanani, boka ya ce sai an ba dodon ruwa budurwa, zaɓi ya faɗa kan Toula. Fim ɗin ya fito ne a lokacin da fari ke ƙarar da dabbobi a Adar da Azawak, don haka mai kallo bai ɗauki ƙishirwar labarin a matsayin tatsuniya ba. Hama ya ɗauko labarin daga baka ya sa a takarda, fim kuma ya mayar masa da murya da kiɗa, abubuwan da takarda ba ta iya ɗauka.

A Turai ma haka abin yake. Tolkien masanin harshe ne, kuma ya ƙirƙiro wa halittun littafinsa harsunansu. Finafinan Peter Jackson na 2001 zuwa 2003 sun zubar da sassa masu yawa na The Lord of the Rings, har da Tom Bombadil baki ɗaya, amma sun bar waɗannan harsuna a bakin masu su, tare da taimakon masanin harshe David Salo. Masu fim ɗin sun gane cewa ana iya rage tafiya, a bar harshe a inda yake.

A nan ne batun ya shafi Adar kai tsaye. Finafinan Kano sun saba wa kunnen matasa da Hausa iri guda, har ana jin ita kaɗai ta dace da allo. Idan gobe aka ɗauki tatsuniyar Adar ko labarin Doguwa za a yi fim, abu ne mai sauƙi a mayar da "sunka tahi" ya koma "suka tafi", "hwari" ya koma "fari", "wanga" ya koma "wannan". Ba za a yanke ko fitowa ɗaya ba, amma tsohuwar da ta ba da labarin ba za ta ji muryarta a ciki ba. A arewacin yankin, inda Hausa ke maƙwabtaka da Tamajak da Fulatanci, wanda ya sa kowa ya yi magana da baki ɗaya ya share bambancin da labarin ke tsaye a kansa.

Bernard Caron ya bayyana nahawun Adaranci tun 1991, kuma Tawa tana da jami'a mai ɗauke da sunan Djibo Hamani, masanin tarihin Adar. Abin da ya rage shi ne ɗaliban harshe su naɗi muryoyin masu tatsuniya, su rubuta su yadda aka furta, kuma su zauna da masu tsara fim tun kafin a rubuta zance na farko. Gyaran harshe bayan an gama ɗaukar hoto ihu ne bayan hari.