Ɓarawon da ya tafi da mukullai

A watan Janairun 2025 wasu masu kutse suka baje bayanan saitin na'urorin FortiGate sama da 15,000 a intanet, kyauta ga duk mai so. Waɗannan na'urori su ne masu gadin ƙofar sadarwar kamfanoni da ma'aikatu. Bincike ya nuna tun 2022 aka kwashe bayanan, ta wata kafa da kamfanin Fortinet ya toshe a shekarar.

An saba raina irin wannan sata, tunda ba kuɗi aka ɗauka ba, na'urar kuma tana nan tana aiki lafiya lau. Kuskure ne babba. Fayil ɗin saiti taswirar gida ne: a ciki akwai kalmomin sirri, da adireshin na'urorin cikin gida, da ƙa'idar wanda za a bari ya shiga da wanda za a hana. Wanda ya mallake shi ba ya bukatar haura katanga.

Don haka sabunta manhaja kaɗai ba ya isa. Ma'aikacin da ya toshe kafar amma ya bar tsofaffin kalmomin sirri ya shafe shekara biyu mukullinsa na aljihun wani. Wajibi ne a canza su gaba ɗaya, a kuma janye shafin sarrafa na'urar daga idon jama'a.