Ƙwallon Kwando: A Rubuta Doka Kafin a Busa Usur

A Afrilun 2023, hukumar ƙwallon kwando ta Ostareliya ta hana Lexi Rodgers, wadda aka haifa namiji ta sauya jinsi, buga wa ƙungiyar mata ta Kilsyth Cobras. Hukumar ta ce ɗaya bayan ɗaya take duba irin wannan buƙata.

Nan gizo ke saƙar. Mata na da haƙƙin samun adalci a wasan da tsawo da ƙarfi ke tasiri. Rodgers ma ta cancanci sanin ma'aunin tun kafin sunanta ya karaɗe jaridu.

Amurka kuwa gaggawa ta yi: a Fabrairun 2025, hukumar wasannin jami'o'in ƙasar, NCAA, ta keɓe gasar mata ga waɗanda aka haifa mata, kwana ɗaya bayan wani umarni da Shugaba Trump ya bayar kan batun.