Na'urar Busa Ba Ta Ganin Tramol

Malam, ka rubuta cewa a raba wa jandarmomi na'urar gwajin barasa a hanyar Damagaram zuwa Agadas, haɗura su ƙare, wai "na'ura ba ta ƙarya". Tana yi kuwa.

Numfashi take aunawa, sannan ta yi kirdadon abin da ke cikin jini. Shi ya sa ƙa'ida ta ce a jira aƙalla minti 15 kafin mutum ya busa, don ragowar barasar da ke baki kan haura da awon. Kuma sai ana mai da ita wurin masu saita ta lokaci-lokaci. Wa zai saita wadda ta yi wata da watanni a aljihun mota a shingen Tanut, cikin zafin Afrilu da ke wuce digiri 40? A Amurka ma, mai ɗakunan gwaji birjik, jaridar New York Times ta ruwaito a 2019 cewa alƙalan Massachusetts da New Jersey sun yi watsi da gwaji sama da 30,000.

Babban abin da ka tsallake shi ne tramol. Direban da ya kwana bisa sitiyari, ya haɗiye ƙwaya da shayi, ya lafta buhunan hatsi da fasinjoji a kansu daga kasuwar Belbeji, zai busa na'urarka ta nuna sifiri. Jandarma ya ɗaga masa hannu ya wuce, idonsa jajur.

A wannan yanki na Damargu, a fara da hana lodin wuce kima da tuƙin mai gyangyaɗi. In kuma za a sayo na'urar, doka ta bai wa direba haƙƙin neman gwajin jini kafin a ci shi tara.