Fenti Ba Ya Maganin Tsatsa

Yau ba labarin soyayya na zo da shi ba, maganar tsofaffin motocin da ke kwasar mu daga nan Dawaki zuwa Rano da Kibiya ce.

Mun iya sauraren ƙarar inji, mun iya yaba sheƙin fenti, amma wa ke durƙusawa ya leƙa ƙarƙashin mota? Alhali can ne tsatsa ke cin shasi, ƙarfen da ke ɗauke da rayukanmu.

Yawancin motocin da muke kira Beljiyam da ciwonsu suke zuwa, domin a Turai gishiri ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara, gishiri kuwa abokin gabar ƙarfe ne. A nan kuma lakar damina ta manne a ƙasa, a-kori-kura ta yi jigilar takin zamani, wanda shi ma cin ƙarfe yake yi, ba a wanke ba. Ko Peugeot 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, duk ƙwarinta, tsatsa ta ga bayan da yawa.

Abin takaici, idan wuri ya huje sai a cusa fila, a fesa fenti, a sayar. Kyan ɗan maciji ke nan. Wallahi wannan ha'inci ne, ranar da aka yi karo ruɓaɓɓen shasi ba ya kare kowa.

Ɗan'uwa mai saye, tafi da maganaɗisu, ba ya kama wurin da fila ta yi kauri. Direba, wanke ƙarƙashin motarka, ka kai wa mai walda tun ramin yana ƙarami. Fasinja amana ne.

Allah ya kiyaye hanya, amin.