Na'urar da ta fi agogon zamani cancantar zuwa Funtua da Malumfashi

Matasa na ta rububin agogon hannu mai ƙirga bugun zuciya, amma na'urar da ta kamata a yi ta surutu a kanta ko TikTok ba ta leƙa ba. Abin sauraren ƙirji ne irin na likitoci, ƙirar kamfanin Eko, wanda aka haɗa da ƙirƙirarriyar basira.

A 2024 mujallar Nature Medicine ta wallafa gwajin da Mayo Clinic ta Amurka ta yi da asibitoci shida na Najeriya, ciki har da na Malam Aminu Kano, kan masu juna biyu da masu jego kusan 1,200. Masu raunin zuciya da na'urar ta gano sun ninka waɗanda duba na yau da kullum ya gano.

Ciwon ba baƙo ba ne a yankin nan. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka yi rubutu a kansa, suna zargin kunun kanwa da wankan jego. Daga baya binciken Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya fi karkata ga talauci da ƙarancin sinadarin seleniyam. Mai jego a ƙauyen Bakori ko Kafur tana haki, ƙafa ta kumbura, sai a ce gajiyar haihuwa ce.

Ita ce ke buƙatar na'urar, ba mazauna kusa da babban asibiti ba. Gwamnatin Katsina ta saya wa ɗakunan awon ciki, ta horar da ungozomomi. Sai dai na'urar hasashe kawai take yi, hoton zuciya ke tabbatarwa, don haka a sa kuɗin motar kai mara lafiya cikin kasafin.