Mangwaro Na Ruɓewa A Tsakar Gida, Muna Sayen Na Gwangwani

  

A cikin watan nan aka kawo wata magana zauren dattijon da muke riƙe wa alƙalami, wadda da farko ta ba mu dariya, daga baya kuma ta sa muka yi shiru. Wata dattijuwa ce ta zo da matar ɗanta, tana kukan cewa yarinyar ta kwashe kuɗin cefanen kwana uku ta sayo gwangwani biyu na wani ɗan itace da ake kira fich, ta kuma sa aka aiko mata daga kantunan Kumasi ko Ankara da ɗan ƙunshin wasu 'ya'yan itace shuɗɗa masu suna bulubari. Wai za ta gasa wa baƙin mijinta wani abin zaƙi da ta gani a waya, sunansa kobla.

Dattijuwar ta ce, "Allah ya ja zamaninka, a tsakar gidan nan akwai mangwaron da marigayi mahaifinsu ya dasa. Kullum da safe sai mun share abin da ya zubo mun kai wa awaki, har awakin sun gundura." Yarinyar kuwa, kanta a sunkuye, ta ce, "Baba, so na yi in fitar da gidanmu kunya a gaban baƙi. Inna ta sani ban taɓa wasa da kuɗin cefane ba." Dattijo bai yanke hukunci a ranar ba. Ya ce mu je mu binciko ko mene ne wannan kobla, domin ba a shari'a a kan abin da ba a sani ba.

Ga abin da muka samo. Kobla abincin mutanen Amurka ne. Turawan Ingila da suka yi hijira can sun rasa kayan haɗi da irin murhun da suka saba yin abin zaƙinsu na gida da shi, sai suka riƙa zuba duk ɗan itacen da ya nuna a gonarsu cikin tukunyar ƙarfe, su yaryaɗa kwaɓin fulawa a sama, su rufe, su sa garwashi a ƙasa da kuma kan murfi. Ke nan dabara ce ta baƙi a ƙasar da ba tasu ba, masu neman yadda za su yi da abin da ya yi musu yawa a lokacinsa. Suna sa fich da bulubari ne saboda su ke cika kasuwanninsu a watannin Yuni zuwa Agusta, kamar yadda mangwaro ke cika Kasuwar Aboabo daga Maris zuwa Mayu. Shi fich, wanda Larabawa ke kira khaukh, asalinsa daga ƙasar Sin ne, kuma ba ya yin fure yadda ya kamata sai bishiyarsa ta sha ɗaruruwan sa'o'i na sanyi mai tsanani, irin wanda hunturunmu ba ya kaiwa. Bulubari kuwa ɗan daji ne a can, sai a 1916 aka fara sayar da wanda aka noma a jihar New Jersey, kuma yana son ƙasa mai tsami ƙwarai. Duk wanda ya san zafin Tamale a watan Maris ya san waɗannan biyu ba 'yan garin nan ba ne.

To, a nan ne ra'ayinmu ya tsaya. Wadda ta sayo fich na gwangwani a watan Afrilu a Tamale ta kwaikwayi hoton abincin, amma ta bar hikimar da ta haife shi. Da matar manomin Amurka za ta wayi gari a Sabonjida ko Lamashegu a wannan bazara, da mangwaro za ta yanka, ba za ta ko waiwayi kanti ba.

Amma kada iyayenmu mata su yi saurin murna, domin ba mu goyi bayan masu cewa a bar abincin Nasara ga Nasara ba. Wannan magana ba ta da ƙafa. Masarar tuwonmu da rogo da gyaɗa da tumatir da barkono duk daga nahiyar Amurka suka zo. Shi kansa mangwaron da ake tutiya da shi baƙo ne daga Indiya. Mu ma da muke magana, ai fataucin goro ne ya kawo kakanninmu Gwanja, yaƙin basasar Salaga na 1892 ya warwatsa su, wasu suka tare a Tamale bayan Turawa sun mayar da ita hedikwatar Arewa a 1907. Sun zo da girkinsu, suka daidaita shi da abin da ƙasa ta bayar, har yau ga Ghana baki ɗaya tana karyawa da koko da ƙosai, tana cin wake da shinkafa da sunan wace, tana kiran tuwo da sunansa na Hausa. Jikokin mutanen da aka kwaikwaya haka ba za su ji tsoron koyon girkin wani ba. Yarinyar ta yi daidai da ta nemi sabon ilimi. Inda ta kuskure shi ne wajen ciniki, kuma wanda ya yi karatun allo ya san abin da Suratul A'arafi da Suratul Isra'i suka faɗa a kan almubazzaranci. Sai dai mu tambayi kanmu da gaskiya: kuɗin cefanen kwana uku da aka kashe sau ɗaya, da mangwaron da ake sharewa kowace safiya wata biyu cur shekara da shekaru, wanne ya fi kusa da abin da ayoyin suka hana? Dattijuwar da ta kawo ƙara ita ma tana da amsar da za ta bayar.

Dattijo ya ba da umarni a gwada, aka gwada a gidansu, mu kuma muka rubuta yadda aka yi don mai bukata. An samu mangwaro mai aure manya guda biyar, irin wanda ba shi da zare, aka feraye aka yanka gutsi-gutsi. Wanda yake da na gargajiya mai zare kawai, sai ya matse ya tace ya haɗa da 'yar gwanda don a samu abin taunawa. Mangwaro ya fi fich zaƙi, ba shi kuma da ɗan tsamin da bulubari ke kawowa, saboda haka aka jiƙa tsamiya aka zuba ruwanta cokali uku, aka ƙara ruwan zoɓo mai kauri kaɗan, wanda ya ba shi launi har ya fi na hoton kyau. Aka sa 'yar citta da kanumfari da cokali ɗaya na sitacin rogo don ruwan ya yi kauri. Kwaɓin sama kuwa fulawa ce gwangwanin madara biyu, sukari rabin gwangwani, bota cokali huɗu, bekin foda ƙaramin cokali biyu, ɗan gishiri, da madara gwargwadon yadda zai yi kamar ƙullin fanke mai tauri. Aka zuba mangwaron a tukunya mai kauri, aka ɗiɗɗiga kwaɓin a kai, aka ɗora a kurfoti da wuta kaɗan, aka tara garwashin da ya fi yawa a kan murfi. Nan ne sirrin yake: in wutar ƙasa ta fi ta sama, gindin zai ƙone sama na ɗanye. Cikin abin da bai kai awa ɗaya ba sama ta yi ja, ƙamshi ya kirawo yaran maƙwabta.

Mun ci, kuma mun shaida. Amma kobla tukunya ɗaya ba za ta ceci mangwaron Zango ba, kuma wannan ne ya fi damun mu. Mu mutane ne da suka san adana abu. Mun mayar da nama kilishi, tumatir kauɗa, kalwa daddawa, ɗinya maɗi. Kuɓewa da kuka da barkono duk muna shanyawa su kai mu wata shekara. Me ya sa mangwaro kaɗai muka bar wa ƙuda? Ga shi kuwa yana ƙarewa daidai lokacin da damina ke kamawa, rumbu ya yi ƙasa, abinci ya yi tsada, yara kuma suna bukatar sinadarin bitamin A da ke cikinsa don lafiyar ido da jiki. Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da ajiyar shekarun yalwa ya ceci Masar, mu kuwa ajiyar wata biyu ta gagare mu.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Maƙwabtanmu na Burkina Faso, a yankin Bobo-Dioulasso da Orodara da Banfora, sun daɗe suna busar da mangwaro suna kai shi har Turai, kuma mafi yawan masu aikin mata ne. A nan ƙofarmu ma, a yankin Savelugu, kamfanin Integrated Tamale Fruit Company da aka kafa a 1999 ya haɗa kai da ƙananan manoma wajen noman mangwaro mai aure don sayarwa waje. Ga cibiyar binciken aikin gona ta SARI a Nyankpala, ga jami'ar UDS, 'ya'yanmu nawa ne suke karatu a can ba mu taɓa kiran su zaure mun tambaye su komai ba?

Za a ce shanyar mangwaro ba kamar ta kuɓewa ba ce, kuma gaskiya ne. Yana nuna ne lokacin da hadari ya fara haɗuwa, iska ta yi laima, in aka baza shi a tabarma ƙuda da ƙura da fumfuna za su riga mu. Akwai kuma ƙudan nan mai huda ɗan itace ya sa tsutsa, wanda ya addabi manoman Ghana tun wajen 2005, kuma mangwaron da aka bari yana ruɓewa a gindin bishiya shi ne gidan haihuwarsa, don haka binne shi ya fi barinsa. Maganin laima shi ne akwatin shanya mai murfin gilashi ko leda mai kauri da raga a gefe, wanda kafintan unguwa zai iya haɗawa, ko na'urar gas irin ta mutanen Burkina in mata sun yi taron dangi sun saya tare. Adashen da ake zubawa don ankon biki zai iya ɗaukar wannan. Gidajen burodin unguwa ma murhunsu yana riƙe zafi sa'o'i bayan an kwashe burodi, ba wanda ya taɓa neman a ba shi haya. Za a kuma ce sukari ya yi mana yawa, ciwonsa na cin dattawanmu. Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa ba a sa ko ƙwaya a cikin mangwaron ba, sai a kwaɓi kawai, busasshen kuwa ba ya bukatarsa sam.

Da suka dawo zaure, dattijo ya ce wa yarinyar, "'Yata, ki ba Innarki haƙuri a kan kuɗin." Ta durƙusa ta bayar. Ya juya ga dattijuwar ya ce, "Hajiya, ke kuma bishiyar nan amanar marigayi ce, daga gobe a riƙa tsinke na sama kafin ya faɗo." Hajiya ta amsa, amma ta ƙara da cewa citta ta yi kaɗan a abin da aka gasa, kuma da man shanu aka sa maimakon bota da ya fi. An tsayar da cewa za a sake yi ranar Juma'a bayan la'asar, ita za ta riƙe wuta. Gwangwani ɗaya na fich da ya rage yana nan a kan kabad ɗinsu ba a buɗe ba, an kuma aika a kira kafinta ya zo ya auna inda akwatin shanya zai zauna a bayan madafa.